Shekarar da Na Yi Huɗa Ni Kaɗai

Ban taɓa kiran babban ɗana da sunansa ba. Shi ne ɗan farina, kuma haka muka taso muka tarar a gidanmu: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zama a yi hira da shi, ba a nuna an damu da shi. In ina nemansa sai in ce, "Ina wannan yaron?" Uwarsa ma ta fi ni kara, in da mutane ko kallonsa ba ta cika yi ba. Ni ma ɗan fari ne. Tsohuwata, wadda muke kira Inna, har yau da furfura a gemuna ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Mai shanun nan" take ce mini. In maganar mai nauyi ce ba ta ma fuskantata. Tana da wata jar akuya da ke ɗaure a ƙofar ɗakinta, ita take gaya wa, da murya yadda zan ji.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanzomo, ba nisa da iyaka. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Noma nake yi, ina da bijimai biyu na huɗa, fari da ja. Farin mai hankali ne. Jan kuwa Allah ne kaɗai ya san abin da ke cikin kansa.

Shekarar korona yaron yana ajin ƙarshe a makarantar kwana a Gumel. Ana tsakiyar zafin bazara sai ga shi a bayan babur, da akwatin ƙarfe da bokiti, wai an rufe makarantu sai abin da hali ya yi. Na yi murna, amma gara in faɗi irin murnar. Ƙanena, wanda yake ja mini shanu duk damina, ya koma Maigatari yana bin babbar mota, ina ta tunanin wa zan samu. Da na ga yaron ya sauko daga babur, kafaɗunsa sun buɗe, sai na ce a raina, Allah ya kawo mai jan shanu. Jarrabawar fita da ke gabansa ko tuna ta ban yi ba.

Inna ce ta tare shi. Tsakanin kaka da jika babu wata kara, sai wasa.

"Maigidan, an koro ka ke nan? Dama na ce wannan ƙaton kan ba komai a ciki sai tuwo."

"Tsohuwa, ai gudu na yi kar ki tafi ba na nan, a raba gadon akuya ba da ni ba."

"Ni da kai a ga mai riga wani. Tsaya daga nan, wanke hannunka da sabulu. An ce daga birni cutar take zuwa."

Ba a daɗe ba aka ce karatu zai ci gaba daga gida. Malaminsu yana turo darasi ta waya, amma sai mai babbar waya. Baffansa na Maigatari ya ara masa tasa mai tsagaggen gilashi. A ƙauyenmu ba a samun sabis sai a kan tudun da ke saman gonata, gindin wani babban gawo. Can yaron yake zuwa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Matsalar wurin ita ce wani lokaci wayar ta kama sabis ɗinmu, wani lokaci ta tsallaka ta kama na Nijar. In ta kama na can sai saƙo ya shigo da Faransanci, kafin ya ankara katin da aka sa ya ƙone, darasi bai sauka ba. Ya dawo yana ba Inna labari, ta yi dariya har da tari.

"To me suka ce maka a saƙon?"

"Wai barka da zuwa ƙasarsu."

"Kana zaune a gonar ubanka? Mutanen kirki. Ka ce su aiko mini da cuku."

Daga baya baffan ya karɓi wayarsa. Abin da ya rage shi ne rediyo, domin gidan rediyon jiha ma yana sa darasi da hantsi, a maimaita bayan la'asar. Rediyo ɗaya ne a gidan, nawa, wani baƙi da na yi wa maratayi da robar taya. Da bazara ba mu samu saɓani ba. Hantsi na yi Inna za ta leƙo ta ce wa akuyarta, "Ke, ce wa mai shanun nan maigidana yana son akwatin surutu." Sai in ajiye shi a kan turmi in fita.

In na wuce ta zaure nakan ji muryar wata malama tana koyar da lissafi, ta yi Turanci ta sirka da Hausa. Sauran darussan yaron yana bi. Lissafi ne abokin gabarsa tun yana ƙarami. A makaranta in bai gane ba yakan ɗaga hannu, ko ya sami wani ɗan ajinsu bayan an tashi. A rediyo ba wanda zai tambaya. Malamar ba ta ganin fuskarsa balle ta san ya ɓata. In jakin maƙwabta ya yi kuka a tsakiyar bayani, abin da ya wuce ya wuce. In batir ya yi sanyi muryarta sai ta riƙa nisa kamar mai magana daga cikin rijiya, shi kuma ya manna kunnensa a jikin rediyon yana rubutu a karkace. Ina ganin duk wannan ta wutsiyar ido, in wuce abina.

Sai ruwa ya sauka. Muka shuka gero, aka shiga huɗar gyaɗa da riɗi. Huɗa aikin safe ce, ƙasa da danshi, shanu ba su sha rana ba, kuma ba a tashi sai rana ta take. Mutum biyu take so, ɗaya ya riƙe garma a baya, ɗaya ya ja shanu a gaba don layi ya miƙe. Ban ce wa yaron komai ba. Na ɗora wa shanu karkiya na tsaya a ƙofar gida na yi gyaran murya. Ya rufe littafinsa ya fito. Haka muka yi washegari, haka muka yi ta yi.

Na gaya wa kaina ai ana maimaitawa da yamma. Amma da yamma ni ne nake saɓa rediyon in tafi majalisa gindin darbejiya, inda dattawa ke jira su ji inda cuta ta kai. Ina jin daɗin yadda ake matsa mini wuri a tabarma, ana cewa, "Ga mai labarai nan." Ka ga na tare masa safiya na tare masa yamma. Da na gama gonata kuma sai na karɓi huɗar waɗanda ba su da shanu, gona bayan gona. Duk lokacin da zuciyata ta ce in tambayi yaron ya karatu, sai in ce ai bai dace uba ya zaƙe a kan ɗan fari ba. Al'adar ta yi mini rana, na fake a bayanta. Shi kuma bai taɓa buɗe baki ya ce an tauye shi ba, don ba a yi masa tarbiyyar haka ba.

Wata yamma a majalisa aka sanar a rediyo cewa nan ba da daɗewa ba za a kira 'yan ajin ƙarshe su koma su zauna jarrabawa. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Har da na wajenka ke nan." Na ce Allah ya taimaka, na murɗa wata tasha.

Na dawo gida gab da magariba na tarar Inna tana ba akuyarta dusa. Tana ganina ta ɗaga murya.

"Ke 'yar nan, kin ji sabon labari? Maigidana ya ce ba zai koma ba. Ya ce lissafi ya yi masa nisa, in ya zauna jarrabawar nan abin dariya zai zama. Ranar kasuwar Maigatari zai tafi wajen baffansa a ɗauke shi yaron mota."

Akuya tana ta cin dusarta. Na tsuguna ina kwance igiyar da ba ta ƙulle ba.

"Shekara da shekaru muna daka gari muna soya ƙuli-ƙuli ana kaiwa Gumel, ashe yaron mota muke kiwo. Ba komai. Wani ya samu mai jan shanu, ya samu wurin zama a tabarma." Ta kaɗe ƙwaryar dusa. "Ni ma na yi wa nawa ɗan farin kara. Amma ki tambaye shi wa yake aika masa ɗumame ta hannun ƙannensa lokacin da yake ƙin cin tuwon dawa. Bakina ne bai kira shi ba, hannuna bai huta ba."

Na wuce turke, na dafa tozon farin sa na ce masa, yadda za a ji daga tsakar gida, "Gobe da rediyo za mu fita."

Dabarar farko da ta zo mini ita ce in ɗaure rediyon a tsakiyar karkiya, ya zama yana bayan kunnen yaron yana jan shanu yana saurare. Na ga kamar na yi basira. Hantsi ya yi, aka saki kiɗan buɗe shiri, sai jan sa ya ji ganga a wuyansa. Ya zabura, ya fizgi farin, suka ja ni da garma muka ratsa gona ta tsakiya. Rediyon ya yi lilo ya faɗa cikin huɗa. Da muka tono shi malamar tana nan tana bayaninta, ko a jikinta, sai dai murfin batir ya tafi, har yau ban gan shi ba. Da tsumma na ɗaure wurin.

Washegari na rataya shi a wuyana na ƙure murya. Yaron yana gaba, igiya a hannu ɗaya, tsumagiya a ɗayan, kunnensa a baya. Malama ta ce kowa ya rubuta. Da me zai rubuta? Sai na ga yana motsa baki yana lanƙwasa yatsu, igiya ta yi sako-sako, shanu suka ga ba mai lura da su suka karkata cikin geron maƙwabcina. Maƙwabcin nan tare muka yi makarantar allo, ba ya raga mini. Ya jingina da hauyarsa yana kallonmu.

"Malam, shanun ne suke karatun ko yaron? In su ne, a gaya musu geron nan ba ya cikin darasin yau."

Na ba shi haƙuri muka fitar da su. A hanyar gida na yi ta juya abin. Saurare kaɗai ba zai yi ba, lissafi sai an zauna an rubuta. Wanda zai zauna kuwa ba zai ja shanu ba. Da na shiga gida na ga yaron ya wanke rigunansa biyu ya shanya a kan danga. Washegari ce kasuwar Maigatari.

Da sassafe na ɗaura wa shanu karkiya kafin ya fito. Na je ƙofar ɗakin Inna na tsaya a gaban akuyar, ina jin nauyin abin da zan yi. Na ce, "Akuya, a gaya wa wannan yaron ya biyo ni gona da littafinsa."

Daga cikin ɗaki na ji Inna ta ce, "Ikon Allah. Yau kin yi baƙo."

Ya biyo ni. A gona na ajiye rediyon a gindin gawo, na juya na ce wa shanu, "Yau ba mai ja muku. Kun girma." Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da rani yake ganye, da damina ya kakkaɓe ya tsaya tsirara, ba inuwar kirki a ƙarƙashinsa. Na cire malafata na kifa a kan rediyon na yi gaba. Da na waiga na ga malafar ta koma kan yaron.

Na taɓa ganin masu yin huɗa su kaɗai, amma shanunsu tun suna ƙanana aka hore su a haka. Nawa sun saba da mutum a gaba. Na naɗe igiya a hannun garma na ce bismillah. Farin ya miƙe, jan ya ce shi gabas za shi. Layin farko ya fito kamar sawun maciji. A ƙarshen gona, wurin juyawa, sai na ɗaga garma, in ja igiya, in yi tsawa, duk a lokaci guda. A juyi na uku ko na huɗu igiya ta harɗe mini ƙafa na zauna daɓas a cikin laka.

Kafin in tashi yaron ya baro littafinsa a guje ya kama igiyar jan sa. Rediyo yana can yana magana shi kaɗai. A nan ba akuya, shanu kuma ba su da lokacin ɗaukar saƙo. Na ɗaga kai na dube shi a fuska.

"Kai. Koma ka zauna."

"Baba, huɗar tana lalacewa."

"Gonarka ce?"

"A'a."

"To koma. Matar nan ba ta jiran kowa."

Ya saki igiyar amma bai tafi ba. Sai na ji bakina ya tambayi abin da ban taɓa tambaya ba tun da aka sa shi a makaranta.

"Abin yana shiga kuwa?"

Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. "Wani yana shiga, wani ba ya shiga. An wuce ni da yawa."

"Ni na sa aka wuce ka. Daga yau rediyon a wajenka zai zauna, safe da yamma. Ka ji abin da ya rage, ka je ka zauna jarrabawar. In ka faɗi, mota ba ta ƙarewa a Maigatari."

Ya ce to. Ya koma gindin gawo ya ɗauki biro. Muna jin babura suna wucewa a kan hanya, da awaki ɗaure a baya, masu zuwa kasuwa. Har aka gama wucewa bai ɗaga kai ba.

Sauran huɗar shekarar ni kaɗai na yi ta. Ba zan ce na ƙware ba. Wasu daga cikin waɗanda suka ba ni aikin gonarsu suka zo suka ga layukana, suka yi mini godiya, suka kai aikin wajen wani. A majalisa kuma, da na zo hannu rabbana, ba wanda ya matsa mini a tabarma, a bakin tabarmar na zauna. Maƙwabcina ya sami abin yi.

"Jama'a, kun je kun ga sabuwar huɗa? An ce daga ƙasar waje aka kawo samfurin."

Na ce, "Ruwa ya fi zama a karkatacciya. Ku jira kaka."

"Ai ko ɓarawo ya shiga gonar nan sai ya nemi mai nuna masa hanyar fita."

Allah ya taimake mu, da jarrabawa ta matso sai malamar ta koma bitar darussan baya, har da waɗanda suka wuce shi. Littafinsa ya cika, sai ya koma rubutu a ƙasa da tsinke. Rairayin tudun in ya sha ruwa ya yi laushi kamar an wanke allo. Ya share da tafin hannu, ya zana, ya goge, ya sake. In na iso wurin da shanu sai in kewaye, kar mu taka masa aiki, har wani fili ya ragu a gindin gawon ba a huɗe ba. Wata rana Inna ta kawo mana fura da kanta, tana dogara sanda, ta tsaya a kansa tana kallon zane-zanen.

"Maigidan, bugun ƙasa ka koma? Duba mini ko ina da sauran aure a gaba."

"Na duba, tsohuwa. Ƙasa ta ce ba mai ɗauka."

"Ƙarya take. Sake bugawa."

Ranar komawa uwarsa ta ɗinka masa takunkumi da ragowar atamfa, don an ce ba mai shiga makaranta sai da shi. Ba ta ba shi da hannunta ba, a kan akwatinsa ta ajiye. Inna ta sa ya ɗaura ta gani, ta ce yanzu ya yi kama da jan sa in za a ratsa da shi gonar wake. Na kai shi bakin hanya a amalanke. Da ya hau babur na ce wa mai babur ɗin, "A tafi a hankali, akwai kaya."

Sakamako bai fito ba sai bayan an yanke riɗi an jingine shi yana bushewa. Yaron ya je Gumel ya dubo, ya dawo ya wuce ɗakin Inna kai tsaye. Ina tsakar gida ina gyaran buhu. Can sai ga ta ta fito ta zauna kusa da akuyarta, ta gyara zama, ta ɗauki lokacinta.

"Ke 'yar nan, maigidana ya ci. Har lissafin. Da ƙyar dai, an ce a bakin ƙofa ya tsaya, amma ta ciki."

Na ci gaba da ɗinkin buhu har na soke yatsana. Sannan na tashi na je turke na zuba wa shanu harawar wake, wadda nake ɓoyo sai rani, na ƙara musu da kanwa. Da ƙyar ɗin nan na san inda ta fito. Da ban cinye masa farkon damina ba, da ya shiga da sauran sarari. Na roƙi Allah gafara, shi ma yaron na roƙe shi, ta bakin Inna.

Yanzu yana karatun koyarwa a Gumel. Ba lissafi zai koyar ba, ya ce shi da lissafi sun rabu lafiya, kowa ya kama gabansa. Filin nan na gindin gawo har yanzu ba a huɗe yake ba, domin shanun sun riƙe, in mun iso wurin da kansu suke kewayewa, ni kuma ban hana su ba.

Daminar da ta wuce ya zo hutu. Da safe na ɗaura karkiya, kafin in yi gyaran murya ya fito ya kama igiya. Na dube shi na ce, "Kai, ka karya kuwa?"

Ya ce, "Na sha koko, Baba."

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jinmu. Ta juya wajen akuyar ta ce, "Kin ji, baki ya buɗe. Saura suna."

Sunan dai har yau ban kama ba. Na ce wa shanu mu tafi, rana tana yi.